Takardun da Aka Yi wa Guga

Ina gaishe ku da sunan Yesu, 'yan'uwana cikin Ubangiji.

Ni ne Malam Yohanna. Ina koyarwa a firamare a Lau idanuna suka mutu. Ba zan ɓoye muku ba, shekara biyu na yi gidan burukutu ne ofishina. Mutane suka ce tawa ta ƙare, ni ma na yarda. Sai wani fasto ya kai ni Filato na koyi rubutun makafi, wanda ake huda takarda da tsinken ƙarfe, a karanta ɗige-ɗigen da yatsa.

Bayan an ba mu jihar Taraba na dawo Jalingo, na buɗe aji da yara makafi huɗu a ɗakin ajiyar majami'armu ta Kachalla Sembe. Baba Iliya, shugaban dattawan ikilisiya, bai so ba. Ya ce, "Malam, hadda kawai kake ba su. Makaho ba ya karatu." Dattawa suka yanke cewa ɗalibata Rahila za ta yi karatu ran Lahadi, in ta kasa a rufe ajin. Babanta kuwa ya riga ya ce zai mayar da ita ƙauye ta zauna a ɗaki.

Da safiyar Lahadin na shafa takardun da na rubuta mata, na ji su sumul. Mama Laraba ta zumuntar mata ta ce, "Malam, na gan su duk ƙuraje, shi ne na yayyafa ruwa na yi musu guga. Yau za su shiga gaban jama'a ai."

Da zuciya ɗaya ta yi. Amma ni, tsoro ya kama ni, ƙishin burukutu ya taso mini har maƙogwaro. Shaiɗan kuma ya ce, ai yarinyar ta haddace, ta shafa takardar ta yi ta faɗa, wa zai gane?

Na durƙusa tsakanin bencina na ce, "Ya Yesu, ban roƙe ka idanu ba yau. Ka hana ni gudu, ka hana ni ƙarya."

Na tashi, tsoron ya tafi, ƙishin ma ya tafi. Har yau bai dawo ba.

A tsakiyar sujada na ce a fitar da Rahila waje. Na ce, "Baba, zo ka faɗa mini duk abin da kake so a kunne." Ya zo ya raɗa, na huda takarda a gaban kowa. Aka shigo da ita. Ta ɗora yatsa, ta bi layin a hankali, ta ɗaga murya:

"Makaho ba ya karatu."

Sai Rahila ta ce, "Malam, wa ya faɗi wannan?"

Baba Iliya ya ce, "Ni ne, 'yata. Na janye."

Halleluya! Ajin nan yana nan, ba mai rufe shi. Na gode wa Ubangiji da ya tsamo ni daga giya, ya ba ni yaran nan. In akwai makahon yaro a gidanka, kada ka kulle shi don kunyar mutane. Ka dogara ga Yesu, ka kawo mini shi ran Litinin. Amin.