Ƙoƙon Larai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan taro, Alhaji Atiku, wakilin uban ƙasa da masu unguwannin da suka rako shi, malamanmu limamai, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, 'yan ƙungiyarmu ta masu karatu da suka taso daga Isa da Bafarawa da Unguwar Lalle, da waɗanda suka sha hanya a kan babur tun daga Burkusuma, iyayenmu mata da ke zaune bayan zana suna saurare, jama'ar Sabon Birni, manya da ƙanana: ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi mana sannu da haƙurin wannan shekara.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu da rai. Ina godiya ga waɗanda suka ba da littattafansu aka zuba a akwatin ƙungiya, akwatin da ke yawo daga gari zuwa gari. Ina godiya ga shugabanni da suka ce in tsaya in faɗi abin da karatun bana ya yi mini, ko da yake har yanzu ina ganin akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Sunana Wada, ƙaramin ma'aikaci a ofishin gona, kuma karatuna bai wuce sakandare ba. Na saba da rubuta abin da ya faru da ni kowace rana don kaina, ban saba da tsayawa gaban mutane ba. Wannan jawabi na rubuta shi na soke, na sake rubutawa na sake sokewa. In na yi kuskure, ku yi mini uzuri. Maganar dai za ni faɗe ta har ƙarshe.

Littattafai uku na aro bana, kuma za ni bi su yadda suka zo hannuna.

Na farko littafin neman ci gaba a wurin aiki ne. Na aro shi don ina son a mai da ni Sakkwato, in huta da kallon gonakin da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Littafin ya ce in riƙa share teburina kowace safiya, alhali mu uku muke raba teburi ɗaya. Ya ce in riga maigidana zuwa ofis, alhali maigidan nawa sai ranar kasuwa yake leƙowa. Na karanta, na yi dariya, na ajiye. Shafi ɗaya kawai ya maƙale mini a rai, inda marubucin ya ce in kana da buƙata wurin wanda ya fi ka, kada ka aika, kada ka yi gunaguni a bayansa. Ka je da kanka, ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da kake roƙo, sannan ka yi shiru. Na ce to, wata rana zai yi amfani.

Na biyu littafin kiwon lafiya ne, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ya ce mutum ya ci ƙwai, ya ci kifi, ya ci 'ya'yan itatuwa, ya sha ruwa kofi takwas kowace rana. Jama'a, a wannan shekara da gulbi ya zama rairayi, da mata ke kwana biyu suna juya mudu ɗaya! Abokina Sodangi, ga shi can zaune, mutumin da shanunsa suka ragu har yana kiran sauran da sunansu ɗaya-ɗaya, ya same ni ina karanta shi a ƙofar gida. Ya ce, "Malam Wada, duba can baya, ko ya faɗi inda kazar da za ta yi ƙwan take? Ni tawa mun cinye ta tun bara." Na yi dariya, amma raina ya ɓaci, don na ga kamar an rubuta littafin ne domin waɗansu mutane a wata ƙasa. Saura kaɗan in mai da shi akwati ban gama ba. Abin da ya hana ni shi ne halina: ban iya barin littafi a tsakiya.

Can wajen ƙarshe, a babin yara, na ci karo da wata 'yar magana. An ce yaro ƙarami, musamman lokacin ƙarancin abinci, a zuba masa nasa a ƙoƙonsa shi kaɗai, a zauna kusa da shi, domin a ga abin da ya ci da abin da ya bari.

A nan sai na gaya muku yadda gidanmu yake. Ɗan'uwana Lawwali ya tafi cin rani kudu tun da damina ta yaudare mu, ya bar mini iyalinsa. 'Ya'yansa da nawa akushi ɗaya suke ci, kamar yadda ni da shi muka ci, kamar yadda kowa a nan ya ci. Ƙaramar cikinsu ita ce ɗiyata Larai, wadda aka yaye bara. Ta fara tafiya, har tana bin awaki a tsakar gida, sai kuma ta daina. Ta koma zama. Gashinta ya yi ja, hannunta ya zama kamar sillen kara. Mun ce haƙori ne, mun ce shawara ce, mun jiƙa abin da aka ce mu jiƙa.

Da na karanta wannan shafi, sai na zauna da la'asar ina kallon yara suna cin tuwo. Ba wanda ya ture ta, ba wanda ya hana ta. Yara ne masu yunwa, hannuwansu manya, tuwon kuma kaɗan ne. Kafin Larai ta gutsura ta busa ta kai baki, an kai gindin akushi. Ta lashe yatsunta, aka ɗauke akushi, kowa ya ce yara sun ci. Shekarun da rumbu ke cike ba a gane wannan, domin akan bar saura. Bana babu saura.

Na gaya wa uwarta, Rahmatu, ta ce ita ba ta da bakin wannan magana, sai Inna. Mahaifiyata Inna Kande ita ke riƙe da mara a gidanmu, ita ke kwasar tuwo. Ban je da kaina ba, na aiki Rahmatu da ƙoƙo. Ƙoƙon ya dawo babu komai a ciki, Inna kuma ta biyo shi har ɗakina. Ta ce, "Kai, mi nika ji? Ɗan'uwanka na can shina dako cikin rana, ya bar maka ɗiyanai amana, kai ko ka ware taka? Gidan ga ba a taɓa raba akushi ba sai randa anka raba gandu. In raba gida kaka so, ka jira ya dawo ka hwaɗa mishi a ido."

Ya ku jama'a, ku lura, Inna ba ta yi kuskure a abin da ta sani ba. A wurinmu raba akushi ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne alamar 'yan'uwa sun ɓata, shi ne abin da maƙwabta ke fara gani kafin a ja danga a tsakiyar gida. Wanda ya rubuta littafin lafiya bai san wannan ba. Shi ƙoƙo ya gani, Inna kuwa zumunci ta gani. Ni kuma na tsaya a tsakiya ina tambayar kaina: wa ya ce ni na fi ta sani? Ita ta raini yara har suka yi gemu, ni shafi ɗaya na karanta.

Inna ta kawo nata maganin. Ta ɗauke Larai daga akushin yara ta mai da ita nata, su biyu suna ci. Ba mai cewa komai in kaka ta ci da jika. Na ji daɗi. Larai ta fara ɗaga kai, muka kai ta asibiti aka duba ta, aka ce a riƙa dama mata kunu da garin ƙuli-ƙuli, a ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa. Na ce magana ta ƙare.

A cikin wannan hali na aro littafi na uku, tarihin rayuwar wani dattijo da ya rubuta da kansa. Na ɗauka labarin muƙamai za ni karanta, sai na tarar rabinsa labarin ƙuruciyarsa ne a wata yunwa da aka yi tun kafin a haife ni. Ya ce kakarsa ce ta riƙe shi. Kullum in an kawo abinci sai ta taɓa loma ɗaya ta tura masa, ta ce ta ƙoshi. Shi yaro ne, ya yarda. Ya ce damina ta dawo, gero ya nuna, shi ya rayu, ita ba ta ga kakar ba. Ya ce ya tsufa, ya yi jikoki, amma har ranar da yake rubutun ba ya son jin wani ya ce ya ƙoshi da wuri.

Na rufe littafin na fita tsakar gida. Inna na zaune da Larai. Na ga ta gutsuri loma, ta juya ta a miya, ta daɗe tana juyawa, sannan ta sa wa yarinyar a baki. Ta sake haka. Sai ta wanke hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Na dubi wuyan hannunta, na ga warwaron da ta daɗe da shi yana zamewa har gwiwar hannu.

Kun ga inda na tsaya. In Larai ta koma akushin yara, za ni rasa ɗiya. In ta zauna a akushin Inna, za ni rasa uwa. Littafin lafiya ya nuna mini na farko, littafin dattijo ya nuna mini na biyu, kuma babu wanda ya gaya mini yadda ɗa zai dubi mahaifiyarsa ya ce ta canja abin da ta gada.

Sai wancan shafi na littafin aiki ya dawo mini, wanda na tanada domin maigidana na ofis. Na je da kaina. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Na ce, "Inna, na ga ba ki ci." Ta ce, "Wa ya aike ka ƙidayar lomata?" Na ba ta labarin dattijon da kakarsa daga farko har ƙarshe. Na ce, "Abin da nike roƙo, ki ci naki, ita ma ta ci nata, kowa a ga abin da ya ci." Sannan na yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi mini maganar wuya, domin bakina cike yake da ba da haƙuri da janye abin da na faɗa. Na danne.

Can ta ce, "Ita waccan tsohuwar, ba ta da ɗa babba a gidan?" Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce, "To ni ina da shi, ga shi ya hana ni sakat." Ta miƙa hannu bayan tukunya ta ɗauko ƙoƙo irin wanda ta mayar mini. Ta ce, "Ji sharaɗina. Tabarma ɗaya za a shimfiɗa, ɗiyan Lawwali da naka duka. Ni za ni zuba, ba kai ba, ba matarka ba. Ƙaramin ɗan Lawwali ma a ba shi nashi ƙoƙo. In ni na zuba, ba mai cewa an raba gida." Wannan dabara ba ta cikin ko ɗaya daga littattafan nan uku. Ta Inna ce.

Saboda haka ga abin da na ɗauka daga karatun bana. Waɗannan littattafai ba a rubuta su a Gobir ba, kuma mafi yawan abin da ke cikinsu bai san farinmu ba. Amma kada haushin shafi ɗari ya hana mu kaiwa ga shafi ɗaya da zai tsai da yaro da ƙafafunsa. Mu karanta har ƙarshe. Mu ɗauki abin da ya dace, mu kai shi gaban iyayenmu da ladabi, su kuma su nuna mana ƙofar da zai shiga gida ba tare da ya rushe bango ba.

Ina roƙon kowane magidanci a nan, yau in an kawo abinci, kada ya ɗauki nasa ya fita zaure. Ya tsaya ya duba. Ya duba hannun da ya fi ƙanƙanta a akushi, ya ga sau nawa yake kaiwa baki. Ya duba wadda ta fi kowa saurin cewa ta ƙoshi. Ina roƙon iyayenmu mata da ke bayan zana, ku da mara ke hannunku, ku zuba wa ƙananan nasu, domin in ku kuka zuba babu mai zargi. Ni kuma na yi alkawari a gabanku: duk da tsoron taro da nake yi, za ni bi akwatin littattafan nan zuwa Bafarawa ranar kasuwa, za ni je Unguwar Lalle, za ni je Burkusuma in Sodangi ya yarda ya goya ni, in karanta wannan shafi da ƙarfi ga duk wanda bai iya karatu ba, har Allah Ya kawo ruwa.

Larai ba ta gama warwarewa ba, ban ɓoye muku ba. Amma ta tashi, tana bin bango, jiya har ta kori akuya. Yau da safe kafin in fito ta shanye kununta, ta leƙa ƙoƙon ta ga babu, sai ta miƙa hannu cikin ƙwaryar Inna. Inna ta janye ƙwaryarta ta rungume, ta ce, "Ke, tafi can, mai cikin zani! Kowa da nashi. Ni ma ban ƙoshi ba." Ta kafa kai ta shanye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya cika rumbunanmu, Ya raya dabbobinmu, Ya dawo mana da waɗanda suka tafi cin rani lafiya. Allah Ya raya ƙanananmu, Ya bar mana tsofaffinmu su ga kaka. Allah Ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.