Tsutsar da Ta Cinye Mana Fadama

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Sunana Haladu, daga Durun.

Bana wani malamin gona ya tara mu, ya ce mu daina huɗa, mu bar tattakar bara a ƙasa, mu shuka shinkafa kai tsaye ba dashe. Mahaifina ya ƙi, ni na nace har ya sakar mini fadamarsa.

Kafin shinkafa ta miƙe, ciyayin jiji da harƙiya sun rufe ta. Sau uku muna cira da hannu. Da muka ci ƙarfin ciyawa, sai shukar ta yi rawaya ta tsugune. Na tuge ɗaya, na ga saiwar duk ƙulle-ƙulle.

Na kira malamin, ya ce, "Au, tsutsar ƙasa ce, ido ba ya ganinta. Ai wake ya kamata ku fara shukawa."

Wallahi ranar taron bai faɗi haka ba! Har yau kuma bai tako gonar ba.

Baba ya zagaya fadamar, ya dube ni ya ce, "Haladu, me yara za su ci?"

Don Allah masana ku taimaka, me ke kashe tsutsar nan? Baɗi nake tsoro.