Albashin da Ba a Gutsura Ba

Keken ɗinkina na sayar na yi kuɗin tafiya Jidda, Yaya Sani ya ƙara mini na guzuri. Binta, ke da 'yan'uwanki ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba.

Kafin nan na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a asibitin barikin soja na garinmu. Mu farar hula ne. Duk wata sai jiha ta cire harajinta daga albashinmu, masu kaki kuwa nasu tsarin daban ne, jiha ba ta taɓa su. Mun sha rubuta koke a haɗa mu da su, tunda a ƙarƙashin rufi ɗaya muke aiki, amma shiru.

A Jidda ma asibitin sojoji na samu. Ranar farko na tuɓe takalmi a ƙofar shiga, don a sanina irin wannan daɓen sai masallaci. Na kama ɗaki a unguwar Bani Malik wurin wani dattijo, duk abin da na kai masa kuka a kai sai ya ce, "Bukra, ya hajja," wato sai gobe. Asibiti kuma mustashfa suke cewa, ni kuwa wata guda ina ce wa direba ya kai ni Mustafa. Binta, dariyar ta isa.

Wata ya ƙare, takardar albashi ta zo. Na karanta sau uku. Ko riyal ɗaya ba a cire ba. An sha gargaɗina cewa baƙon da aka samu da abin da ba nasa ba, iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta tafi, sai jirgi. Kwana biyu ban taɓa kuɗin ba. A na uku na ciro daidai kason da ake cire mini a gida, na sa a ambulan, na nufi ofishin albashi.

Matar da ke wurin, Ummu Khalid, jikar alhazan Kano ce, haihuwar Jidda.

"An yi kuskure," na ce. "Ba a cire mini haraji ba. Ga shi."

"Esh? Wane haraji, ya ukhti?"

"Na farar hula. Ni ba soja ba ce."

"Soja, farar hula, mai shara, kullu wahid, duk ɗaya ne. Nan ba a taɓa albashi. Ko so kike a ce ban iya aikina ba?"

"To, a rubuta mini."

Ta kira shugabansu. Ya saurara, ya rubuta, ya buga hatimi, ya faɗi wata magana, ta fassara mini: kullum masu kukan an rage musu yake gani, bai taɓa ganin mai kukan an cika mata ba.

Na fito da ambulan a hannu na zauna a benci. Ga haske ko'ina, ga sanyi, ga na'urori iri-iri, kuma ba da gumina aka biya ba. Har na baro ƙasar ban daina mamakin wannan ba.

Bayan shekara tara na dawo gida. Washegari na kwashi takardun albashina na kai ofishin harajin jiha, ko suna bina wani abu.

"Hajiya, wa ya aiko ki?" in ji jami'in.

"Babu kowa."

Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunda ba a nan na zauna ba, ba sa bina ko kwabo. Ya rako ni har bakin titi, ya tare mini adaidaita, sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Hajiya, asibitin can suna ɗaukar maza?"