Tulun da Ya Taɓa Ƙasa

A rumfar mai shayi kan hanyar Haridwar a ƙasar Indiya, tsohuwa Urmila ta sauke wani tulu daga benci don ta zauna. Mai tulun ya taso mata.

"Iya, kin cuce ni! Ruwan kogin Ganga mai tsarki kika dire a ƙasa? Alwashi na yi saboda ɗana marar lafiya. Kwana uku yana kafaɗata, yanzu sai na koma na sake ɗebowa!"

"Rufe mini baki! A sama kogin yake gudu?"

"Ba ki san darajarsa ba!"

"Ni? Makon jiya na zuba tokar gawar mijina a ciki. Wataƙila ma yana cikin tulunka. Manomi ne, ƙasa ba ta ɓata shi."

Mutumin ya ɗauki tulun da hannu biyu, ya nufi gida.