Fasinjojin da Suka Koma Kaji

A ɗakin jira na asibiti, wani magidanci ya turo wayarsa gaban dattijon da ke gefensa, wanda jaridarsa ta ishe shi hira.

"Baba, duba! Mutum sittin sun yaba! Manhaja nake rubutawa a wurin aiki, sai na ɗora wani yanki a intanet, ƙwararru su gaya min ko salona ya yi."

"Oganka ya sani?"

"Ina! Sirri ne, kora ce nan take. Amma na yi dabara. Na canza duk sunayen, na mai da abin tsarin gidan kaji. Wani ma cewa ya yi rubutuna tsaf, kamar shararren tsakar gida!"

"Su wa ka mai da kaji?"

"Fasinjoji mana! Akurki kuwa jirgin ƙasa. Manhajar tikiti ce, wata mai zuwa za mu fitar, kafin abokan hamayya su farga!"

Dattijon ya naɗe jaridarsa, ya dubi kujerun. Mutum tara, kowa ya kasa kunne.

"Ɗana, ka ɓoye wa duniya, ka faɗa wa benci. Waccan mai jan gyalen, tun da ka ambaci tikiti take rubutu."