Ranar da Aka Auna Ni da Kara a Ƙasar Nijar

Alheri da salama na Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ku, dattawa, matan zumunta, matasa, da baƙin da suka zo sujada tare da mu yau. Ku yi haƙuri da muryata. Haka ta koma, kuma za ku ji dalili.

Yawancinku kun san ni, Malam Sani, na daɗe ina dattijo a wannan ikkilisiya ta Kaura Namoda. Kun kuma san cewa a zauren mahaifina a Moriki na yi karatu, na sha nahawu da fiƙihu kafin Ubangiji ya kira ni. Har yau idan na sa farar riga na naɗa rawani, wanda bai san ni ba liman yake ɗaukata. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda na fake da wannan kama a ƙasar mutane, da abin da ya biyo baya.

Bara bayan girbi na goya jaka na tafi Nijar neman dangin mahaifiyata, waɗanda aka ce suna arewa da Maraɗi. Maiɗakina ta hana ni, ta ce tsoho da jaka a baya sai mai tallar magani. Ban ji ba. Na bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore, ba wanda ya yi tari a motarmu don tsoron 'yan bindiga sai da muka fita daji, na ƙetare iyaka ta Jibiya. Daga Maraɗi kuwa, wani wuri amalanke, wani wuri ƙafa.

Tun daga iyaka na naɗe Littafina Mai Tsarki a cikin tsohuwar riga, na tura shi can ƙasan jaka. Na ce wa kaina hikima ce. Yau a gabanku zan kira ta da sunanta: tsoro ne.

Duk inda na sauka sai a ce, "Malam, ga tabarma." Na lura cewa wanda ya zauna cin abinci da mutane dole a tambaye shi asali, dole kuma lokacin salla ya same shi a zaune. Saboda haka na daina cin abincin kowa. Na sayi burodi da kifin gwangwani a kasuwar Maraɗi, ina ci ni kaɗai a gindin itace kamar ɓarawo.

A rana ta tara gwangwani ɗaya ya rage. Murfinsa ya kumbura, da na huda shi ya yi huci. Na ga alama da idona, na cinye.

Da yamma na isa wani ƙaramin ƙauye. Maigarinsu ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni ɗakin da ke jikin zaurensa, ya sa aka damo fura. Na ce cikina ba ya so. Ya dubi rawanina ya ce, "Malam, gobe kai za ka ja mu salla, limaminmu ya huta." Na yi murmushi na ce gajiya ta yi mini yawa.

Da safe amai ya fara. Da ya lafa sai na ga ƙofar ɗakin ta zama biyu. Na so in kira mutane, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Fatar idona ta sauko, na kasa ɗaga ta. Daga nan abin ya bi wuya, ya bi kafaɗa, ya bi hannuwa, yana sauka a hankali kamar ruwan da ake tsiyayawa a tulu. Kafin hantsi ya ɗaga na zama gungume. Numfashina ya koma siriri, ni kaina da ƙyar nake jinsa.

Amma kunnena, 'yan'uwa, bai taɓa ji tar kamar ranar ba. Hankalina kuma ko ƙwayar gero bai ragu ba.

Na ji Maigari ya yi sallama sau uku, ya shigo, ya girgiza ni. Ya kara hannu a hancina, ya kara kunne a ƙirjina. Sai ya yi salati ya fita. Ya dawo da Liman, wani tsoho mai sanyin murya, shi ma ya duba. Ya ce, "Baƙo ya cika. Bayan azahar sai mu kai shi, zafin ga ba ya jira."

Suka ɗaure mini haɓa da tsumma, suka haɗa manyan yatsun ƙafata suka ɗaure, suka lulluɓe ni da zane.

Kun san al'ada. Ba a haƙa kabari da ƙiyasi, sai an auna mai shi. Na ji wani ya shigo yana jan abu a ƙasa, ya shimfiɗa shi a gefena tun daga kai. Karan dawa ne, na ji kaushinsa a kunnena. Ya ce, "Kara ɗaya bai isa ba, wanga baƙo dogo ne, miƙo wani." Na waje ya amsa, "Mutanen Najeriya ke nan, ko a mutuwa sai sun ci fili." Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Na ji ƙarar kara da aka karya daidai tafin ƙafata.

Maƙabartar ba ta da nisa da zauren. Rana tsaka, gari shiru, ina jin saran diga ɗaya bayan ɗaya. A bayan katanga wani yana yaga sabon yadi, na san ko na mene ne. Ƙuda ya sauka a leɓena ta ƙarƙashin zane yana yawonsa, ban iya ko hura masa iska ba.

Na ji tsoron ƙasa, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai akwai tsoron da ya fi shi. Za a wanke ni, a yi mini sallar da ba tawa ba, a rufe ni a matsayin mutumin da ba ni ba ne, kuma ba laifin kowa sai nawa. Na san abin da Ubangiji ya faɗa game da wanda ya ji kunyarsa a gaban mutane. Ni kaina na sha yin wa'azi a kai daga wannan bagade. Ga shi zan je gabansa da rawanin da na ɓuya a ciki.

Kun san ni da doguwar addu'a, har matasa suna gunaguni. Ranar duk balagata ta gudu. Abin da zuciyata ta iya kawai shi ne: Yesu, na ɓoye ka, ka gafarta mini. Idan mutuwa ce, kada ka bari a binne ni da ƙarya. Ka tone ni.

Ban daɗe da faɗin haka ba na ji Maigari ya ce, "A duba jikkar nan, ko a samu wanda za a gaya ma." Suka sami wayata ba wuta, ƙauyen kuma ba inda za a sa mata. Suka ci gaba da zazzagewa har ƙasa. Na ji an warware tsohuwar riga, na ji an buɗe shafi.

A bangon Littafin akwai rubutun ajami da na yi da hannuna tun ina da ƙuruciya. Liman ya karanta shi a fili, a hankali: "Wannan na Sani ne, bawan Yesu Almasihu, wanda aka saya da jini."

Sai wani ya ce, "To ai rami ya kusa. A sa shi haka nan mana, a huta."

Liman ya ce, "Ba mu yi mai sallar da bai yarda da ita ba, kuma ba mu jefa shi rami kamar mushen jaki. Baƙonmu ne, ƙarƙashin inuwarmu ya kwana. A nemo nashi su yi mai irin tasu."

Maigari ya ce, "Ina munka ga nashi a nan?"

Aka ce akwai wani Kirista a wani gari can gaba, malamin lakwal, wato makarantar boko, ana ce masa Mushe Bitrus, don haka suke kiran malamin boko da Faransanci. Aka tura mai babur.

Azahar ta yi, lokacin da ya kamata a ce ina cikin ƙasa, ina jin su suna salla a ƙofar zaure. Diga ta yi shiru. La'asar ta gabato. Liman ya leƙo ya taɓa hannuna, ya ɗaga shi ya sake, ya ce wa kansa, "Ikon Allah, har yanzu bai sandare ba." Sannan ya fita.

Da Mushe Bitrus ya iso, ya durƙusa wajen ƙafafuna, ya kwance tsumman da aka ɗaure yatsuna da shi, ya riƙe su a tafinsa. Ya ce, "Baba, ban san ka ba, amma Mai mu ɗaya ne." Ya fara addu'a da ƙarfi, cikin sunan Yesu, a gaban jama'ar nan duka, shi da yake shi kaɗai ne Kirista a yankinsu shekara da shekaru. Na tattara duk abin da ya rage a jikina na tura shi ƙafa. Da ya ce amin, babban yatsana ya motsa a hannunsa.

Ya ce, "Baba, in kana jina, ƙara." Na ƙara.

Halleluya!

A amalanke suka kai ni bakin hanya, mota ta kai ni asibiti a Maraɗi. Likita ya ce dafin da ke cikin irin wannan gwangwani yakan kashe jijiya ya bar hankali, kuma da ya ƙara taɓa numfashina kaɗan da ba wannan maganar ake yi ba. Na yi makonni ana ba ni abinci ta hanci. Maiɗakina ta zo, ba ta ce mini "na gaya maka" ba sai da na fara tafiya da sanda.

Kafin in dawo gida na ce sai an mai da ni ƙauyen. Littafi ya faɗi ko ni wane ne, amma bakina bai faɗa ba, kuma Maigari ne na yi wa murmushin ƙarya. Na sami Liman a ƙofar zaure. Na gaishe shi na ce, "Malam, ni mai bin Yesu ne. Na ɓoye muku, ku yafe mini. Ina Maigari in gaya masa?"

Ya ce, "Ni na yafe. Taho."

Ya kai ni maƙabarta, ya tsaya a kan wani dogon kabari. Ya ce, "Naka ne wanga. Ba mu rufe shi ba, don kabari ba ya daɗewa ba mai shi. Kwana shida da tafiyarka Maigari ya kwanta ciwon rana biyu, ya cika. Ramin ya yi mai tsawo, sai da munka cike wajen ƙafa da ƙasa."

Ban ce hukunci ne ba, Allah ya kiyaye bakina. Mutumin kirki ne, ya fi ni karimci. Na tsaya a kan ramin da aka haƙa da awona, na faɗi abin da na zo faɗa, wanda na zo gaya wa kuma ba ya ji.

Ina gode wa Ubangiji Yesu da ya tone asirina don ya cece ni. Ina gode masa saboda Liman, da Mushe Bitrus, da Maigarin da ya ce a buɗe jaka. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, yana jin wanda ko leɓe ba ya iya motsawa. Idan kuma akwai wanda kuke ɓoye wa sunansa, a kasuwa ko a wurin aiki ko a cikin dangi, ku gaya masa yau, tun harshenku yana juyawa, tun shi ma kunnensa yana ji.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada. Amin.