Jakin ya ƙi hawa gada

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Ni ce Hajara, daga wani ƙauye kusa da Safo, ƙasar Madarunfa. Ina cikin takaba.

Na ji kuna cewa duk da karyewar darajar kuɗin sefa, arzikin ƙasa zai farfaɗo tunda damina ta yi kyau. Sai hawaye suka zubo mini.

A shekarun fari gulbinmu ya ƙafe, kowa na ɗibar yashin gini a ƙarƙashin gada. Bana ruwa ya zo irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ranar kasuwa maigidana, Malam Idi, ya ɗora waken bara a amalanken jaki. A bakin gada jakin ya turje. Mutane suka ce, "Ja shi, Malam, siminti ne fa!" Ya sauko ya ja shi. Suna tsakiya gadar ta rufta. Jakin ya fito, Malam kuwa gawarsa aka tsinto.

Ina gaida waɗanda suka yi masa sutura. Yanzu gero ya cika rumbu, ba hanyar kasuwa. Don Allah ku tambayar mini manya: arzikin nan, ta wace gada zai iso mana?